Tana Jin Ƙarar Babur, Ba Ta Jin Sunanta

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, a wani ƙauye na ƙasar Ringim. 'Yata ta uku ta ci sunan mahaifiyata, don haka ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, Mamana nake ce mata. Har ta kai shekara huɗu da rabi duk unguwarmu an san ta da surutu. Ta haddace Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, tana rera waƙoƙin gaɗar da ta tsinta a bakin yayyenta, in aka aike ta maƙwabta kuwa sai ta dawo da saƙon har da gyara. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya gan ta bayan shekara guda ya ɗauka haka aka haife ta.

Da kaka abin ya soma, ana tsakiyar yankan riɗi. Sai a yi mata magana ta ce “Iye?”, a maimaita ta sake cewa “Iye?”, daga nan ta tsaya tana kallon bakin mai magana. Kafin sanyi ya wuce kalmominta sun fara zubewa. Yarinyar da ke ba da labari ta koma nuna randa da yatsa in tana jin ƙishirwa. In ba a gane abin da take so ba sai ta yi jifa da kwano, ta kwanta a ƙasa tana birgima.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne tana ji. In na shigo unguwa a kan babur, tun ina nesa za ta fito da gudu. In murfin tukunya ya faɗi za ta zabura. Amma in na tsaya a bayanta na ce “Mamana”, ko motsi ba ta yi. Saboda haka kowa ya samu abin faɗa. A makarantar allo aka ce taurin kai ne, har aka zane ta a kansa, kuma wannan dukan har yau yana ci mini rai. Wasu suka ce kurumta ce irin wadda sanƙarau ko ƙyanda ke bari, alhali ba ta yi ko ɗaya ba. Inna, mahaifiyata, ta ce kambun baka ne, an yi ta yaba bakin yarinya ba a cewa tubarkalla. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi ruƙiyya. Ban hana ba, kuma har yanzu kullum da safe ina tofa mata addu'a.

Sai wani dare maiɗakina ta tashe ni tana salati. Gefen bakin yarinyar yana fizga, miyau yana zuba, maƙogwaronta yana wani irin gurnani, idonta a buɗe amma ba ta iya amsawa. Bai daɗe ba ya sake ta, ta koma barci. Da gari ya waye kalmar da kowa ke tsoro ta shigo gidanmu: farfaɗiya. Tare da ita kuma wata magana ta shigo, wadda ba a faɗa a gabana sai dai a bakin rijiya. Maiɗakina 'yar ƙanwar mahaifina ce, kuma a dangin babanta akwai wanda ya yi fama da farfaɗiya. Wasu suka ce ita ta kawo, wasu suka ce auren zumunci ne ya jawo.

A wani ƙaramin asibiti da ke kusa da mu aka gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro, aka ɗora ta a kan kabamazefin. Fizgar dare ta ragu. Maganar kuwa sai ta ida ɗaukewa, har “Baba” ta daina faɗa. Ba na riƙe da ma'aikacin da ya rubuta maganin a zuciya, domin magani ne mai kyau ga farfaɗiya iri-iri, kuma da shi mutane da yawa suke zaune lafiya. Ma'aikacin ne ma da ya ga yarinya tana ci baya ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya rubuta mana takardar zuwa Kano.

Daga tashar Yankaba muka hau adaidaita zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Yanke kati da bin layi da karɓar ranar dawowa, duk wanda ya taɓa jinya a babban asibiti ya san su. Sashen kunne aka fara tura mu. Aka manna mata wayoyi a goshi da bayan kunne, aka sa mata sauti tana barci, na'ura tana auna ko saƙon yana wucewa ta jijiyar ji. Sakamako ya fito: kunnuwa biyun lafiya lau. Aka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI bayan an ba ta maganin barci, shi ma babu ƙari, babu tabo, babu komai. Aka yi gwajin EEG, wanda ke rubuta wutar da ke gudana a ƙwaƙwalwa, tana farke tana kokawa da wayoyin. Aka ga 'yan alamu, amma ba abin da zai bayyana yadda yarinya mai baki ta zama bebiya. Na fito daga ɗakin ina riƙe da takardu masu cewa 'yata lafiyarta ƙalau, ga ta kuma a hannuna ba ta san ina kiranta ba.

Likitar ƙwaƙwalwar yara ce ta juya al'amarin, kuma da tambaya ta juya shi. Ta kalli maiɗakina ta ce, “Maman yara, ki nutsu ki gaya mini. Tun asali ba ta yi magana da wuri ba, ko kuwa ta yi magana sosai sannan ta daina?” Maiɗakina ta ciro waya ta kunna mata wani ɗan bidiyo na ranar sallah, yarinyar tana karanta Nasi har ƙarshe, sannan ta kunna wanda ta ɗauka da dare lokacin fizgar. Likitar ta kalli kowanne ta maimaita. Ta ce a sake EEG, amma wannan karon sai yarinyar tana barci, barci mai nauyi.

Shirin wannan gwajin shi ne aikin da ya fi ba mu wuya, don haka zan faɗe shi dalla-dalla. An ce a tsefe mata kitso, a wanke kan da sabulu, kada a shafa mai ko kaɗan, domin maiƙo yana hana wayoyin kamawa. An ce a hana ta isasshen barci a daren, a tashe ta tun kafin asuba, kuma kada a bari ta yi gyangyaɗi a hanya. A gidan yayana da ke Kano muka kwana. Matarsa ta fito da tire da cokula, yaran gidan suka yi ta kiɗa suna zagaya tsakar gida da ita. Yarinyar da ba za ka iya yi wa bayani ba, ka hana ta barci, tana kuka tana kallonka da idon tambaya, sai mai taurin zuciya. A cikin adaidaita uwarta ta riƙa shafa mata ruwan sanyi a fuska. Da muka isa, ma'aikacin ya auna kanta da tef, ya yi alamomi, ya manna wayoyi wajen ashirin da wani farin man liƙi, ya rage hasken ɗaki. Uwarta ta rungume ta, nan da nan barci ya kwashe ta.

Ina zaune ina kallon allon kwamfutar. Tana farke layukan suna tafiya da 'yar rawa kaɗan. Da barci ya yi nisa sai suka rikice, tsini yana bin tsini, tudu yana bin tudu, babu hutu. Ita kuwa tana kwance shiru, ko yatsa bai motsa ba. Wato duk daren da muke ganin ta samu barci mai daɗi, abin da ke faruwa a cikin kanta ke nan.

Likitar ta zaunar da mu ta ce, “Malam, 'yarka ba kurma ba ce, kuma ba taurin kai take yi ba.” Ta nuna gefen kanta, saman kunne, ta ce a nan ne ƙwaƙwalwa ke mayar da sauti ya zama magana mai ma'ana, kuma a nan wutar ke tashi. Kunne yana kai sautin, wurin da zai fassara shi ne ya rikice. Shi ya sa ƙarar babur ke isa gare ta, kalma ba ta isa. Ta ƙara da cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwar yaro ke adana abin da ya koya da rana, to in dare ya zama na hargitsi, abin da aka koya ba ya zama, wanda aka riga aka adana ma sai ya fara warwarewa. Sunan ciwon Landau-Kleffner, daga sunayen masana biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1957 a kan yara 6. Yawanci yana kama yara tsakanin shekara 3 zuwa 7, bayan sun riga sun iya magana. Ta kuma ce kabamazefin na daga cikin magungunan da kan ƙara tsananta irin wannan wutar ta dare, don haka za a janye shi sannu a hankali.

Aka maye gurbinsa da balfurowet, wanda a kemis aka fi sani da Epilim, aka haɗa da firedinisolon na wasu watanni. Ta gargaɗe mu cewa na biyun zai kumbura mata fuska, ya buɗe mata ciki, ya rage wa jikinta ƙarfin yaƙi da cuta, kuma haɗari ne a daina shi farat ɗaya. Game da na farkon ta ce tunda mace ce za a sake duba shi kafin ta balaga, domin yana iya cutar da ɗan tayi. Ta koya wa maiɗakina abin yi in fizga ta zo: a kwantar da ita a gefe guda, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa, in ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Ta ce a gaya wa mutanen gida miyau ba ya yaɗa farfaɗiya, kowa ya ci abinci da ita a kwano ɗaya.

Ni ne na tambayi abin da ya haddasa. Ta ce a yara da yawa ba a gano dalili, amma a 2013 ƙungiyoyin masu bincike uku sun nuna cewa wani kaso na masu wannan ciwo suna da sauyi a wata ƙwayar gado, wato rubutaccen umarnin ginin jiki da ake gada daga iyaye, mai suna GRIN2A. Kason bai wuce ɗaya cikin biyar ba. Ta faɗa mini ƙarara cewa gwajin gano wannan sauyin yana da tsada, sai an aika jini ƙasar waje, ya fi yiwuwa a dawo ba a ga komai ba, kuma ko an gani ba lalle ne magani ya canza ba. Ta ce kada in sayar da abincin gida a kansa.

Na koma ƙauye na yi ta juya maganar. Abin da ya tsayar mini da shawara shi ne halin da maiɗakina ke ciki. Ta daina zuwa biki da suna, ta rame, ga shi tana da ƙaramin ciki. Wani dare ta ce mini, “Malam, in daga wurina ne, ka gaya mini gaskiya, kada ka ɓoye don tausayi.” Na kai san da nake kiwo kasuwar Maigatari ranar Alhamis, na haɗa da kuɗin riɗi, yayana ya cika ragowar.

Inna ba ta so ba. Ta ce tun gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba ta yarda da duk abin da zai haɗa jinin jikokinta da Turawa ba. Tsoronta yana da tushe, don haka ban yi mata gardama ba. Na kawo takardar amincewar na fassara mata layi bayan layi: jini kawai za a ɗiba, ba za a ba yarinya komai ta sha ba, kuma muna da ikon cewa a zubar da ragowar bayan an gama. Ta yi shiru, can ta ce, “To, Allah Ya sa a dace.” Akwai wani abu a takardar da ya kamata duk mai niyyar yi ya sani tun kafin ya sa hannu. Jinin mutum uku ake ɗiba, yaro da uwa da uba, domin a kwatanta, saboda haka gwajin yana nuna nasaba ko da ba ita aka je nema ba. Likitar ta faɗa mana wannan muna tare, cikin mutunci, kuma ta ce haka take faɗa wa kowa. Ranar ɗibar jinin ba ta da wani labari: kwalabe uku ƙanana masu murfi shuɗi-shuɗi, aka rubuta lamba, aka rufe a kwali. Jiran ne mai tsawo. Damina ta sauka, muka yi shuka, muka yi noman farko, kafin a kira ni.

An ga sauyin. Likitar ta ɗauki biro da takarda ta yi mana zane, tunda ta san ina koyar da kimiyya ba ta rage mini komai ba. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan tsaga tsakaninsu. Ta farko tana fesa wani sinadari mai suna gulutamet, ta biyu tana da makarɓai da ke amsar sa. Ɗaya daga cikin makarɓan shi ake kira NMDA. Ta ce in ɗauke shi kamar ƙofa mai kwaɗo biyu da dutse a bayanta. Sai gulutamet ya buɗe kwaɗo ɗaya, wani sinadarin mai suna gilaisin ya buɗe ɗayan, sannan sai ƙwayar da ke karɓa ta riga ta motsa har ta ture dutsen, wato magnesiyam da ke toshe hanyar. A sannan ne kalsiyam ke shiga, kuma shigarsa ce ke ƙarfafa alaƙar ƙwayoyin biyu. Da irin wannan ƙarfafawar yaro ke koyon cewa wannan sautin sunansa ne, wancan kuma yana nufin ruwa.

Ƙofar ɓangare huɗu gare ta. Biyu daga ƙwayar gado GRIN1 suke fitowa, biyu daga dangin GRIN2. Tun jariri yana ciki har farkon rayuwarsa GRIN2B ce ta fi aiki, shi ya sa yaran da sauyinsu ke can sukan nuna jinkiri tun suna goye. GRIN2A kuwa, wadda ke kan kuromosom na 16 (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), bayan haihuwa take ƙara ƙarfi. Kowa yana da kwafinta biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A wurin Mamana harafi ɗaya ya sauya a kwafi ɗaya, ya katse karatun umarnin tun bai kai ƙarshe ba, don haka da kwafi guda take aiki. Akwai yaran da nasu sauyin akasin haka yake, ƙofar ce ke buɗewa fiye da kima, kuma ciwonsu ya kan fi tsanani. Bambancin yana da muhimmanci, domin likitoci sun gwada maganin memantin ga masu buɗewa da yawa, sun gwada sinadarin serin ga masu ƙarancin aiki. Ta ce duka biyun a kan yara kaɗan aka gwada, kada in je intanet in saya da kaina, domin wanda ya dace da wani yaron yana iya cutar da wani.

Sai ta juya shafi na biyu, ta tura shi gaban maiɗakina duk da ta san ba ta karanta Turanci. Ta ce, “Maman yara, babu wannan sauyin a jininki, babu shi a jinin Malam. A wurin yarinyar ya fara.” Ta bayyana cewa duk jaririn da aka haifa yana zuwa da sabbin sauye-sauye wajen 60 waɗanda babu su a iyayensa, galibinsu suna faɗawa inda ba su da illa, na Mamana ɗaya ya faɗa a wuri mai muhimmanci. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba aikin da ta yi da ciki ba ne. Ba kuma irin gadon sikila ba ne, inda sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa, don haka zumuncinmu ba shi da hannu a ciki. Yiwuwar ya sake faruwa ga wani ɗan namu kaɗan ne, wajen ɗaya cikin ɗari. Maiɗakina ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai yawa, likitar ta bar ta har ta gama.

In za a tambaye ni wanne ya fi amfani, zan ce ta fuskar jinya EEG na barci ne, nesa ba kusa ba. A Kano ake yin sa, kuɗinsa bai kama ƙafar na gwajin gado ba, kuma shi ne ya sa aka canza magani. Gwajin gadon bai ƙara ko ƙwaya ɗaya a cikin abin da take sha ba. Gidana ya yi wa aiki. Na tara Inna da ƙannena mata da surukata a zaure na karanta musu sakamakon da Hausa, kuma tun daga ranar ban sake jin an jingina ciwon ga kowa ba. Wanda gidansa ke zaune lafiya kuma aljihunsa ba nauyi, ba zan ce ya sayar da sa ba.

Maganar ta fara dawowa ne bayan an yi nisa da firedinisolon, kuma ganewa ce ta riga furtawa. Ba a miƙe take tafiya ba: ta samu kalmomi, aka rage maganin, wasu suka gudu, aka gyara awo, suka dawo. An ba mu shawarar makarantar yara masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, amma ta yi ƙanƙanta da rabuwa da uwarta, sai muka ɗauko abin da za mu iya yi a gida. Muna tsugunawa daidai fuskarta kafin mu yi magana. Jimla gajeriya, a hankali, tare da nuni. A kashe rediyo in ana koya mata abu, domin hayaniya tana cinye mata kalmomi. Na zana randa da buta da kwano da akuya a bayan kwalaye, yayarta ce ke zama da ita bayan la'asar. Wasu suka ce nuni da hannu zai sa ta yi ƙiwar magana. Abin da na gani da idona shi ne tun da ta samu hanyar faɗin buƙatarta jifa da kwano ya ragu, bakin kuma ya ƙara buɗewa. Yanzu tana aji ɗaya na firamare tare da ƙannenta a shekaru, a bencin gaba, tana haɗa kalma uku zuwa huɗu. Fatiha ta dawo, Nasi tana kan hanya. Likitar ta ce farfaɗiyar da wutar dare galibi suna lafawa wajen balaga, maganar kuwa wasu tana dawo musu kusan duka, wasu da saura, kuma ba za a taɓa maganin ba sai an sake EEG na barci.

Abu ɗaya ne a takardar da har yanzu ba mu daidaita a kansa ba. Tunda sauyin yana jikinta, duk ɗan da za ta haifa yana da rabin yiwuwar ɗaukarsa, ko da yake wani ya kan ɗauka ya tashi da 'yar matsalar furuci kawai, wani ma ba a ganin komai. Inna ta ce a binne wannan maganar, kada a kashe wa yarinya kasuwa tun ba ta san kanta ba. Na fahimce ta, na san yadda garinmu yake da 'ya mace da aka taɓa ambata da farfaɗiya. Ni kuma ina ganin takardar ta Mamana ce, ba tawa ba ce, ba ta Inna ba ce, kuma in ta mallaki hankalinta haƙƙinta ne ta san abin da ke ciki kafin a karɓi sadakinta. Mun tsaya a kan cewa ba za a faɗa wa kowa a waje ba a yanzu. Na yi wa sakamakon kwafi biyu, ɗaya yana cikin akwatin uwarta, ɗaya yana wurin yayana a Kano.